Wai da gaske igiyar takalmi ce ta kashe kasuwar maƙeran Birmingham?

Baban Husna:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ga wani abu da nake so mu tattauna, musamman masu sana'ar hannu da ke cikinmu. A watan Disamba na 1791, maƙeran garuruwa uku na Ingila, wato Birmingham da Walsall da Wolverhampton, suka tura wakilai suka kai kuka gaban yarima mai jiran gado, wanda daga baya ya zama Sarki George na Huɗu. Suka ce mutane sun koma ɗaure takalma da igiya, an daina sayen maɓallin takalmin da suke ƙerawa, kuma mutum fiye da 20,000 da ke cin abinci da wannan sana'a sun shiga wani hali. Yarima ya saurare su, ya yi alkawarin zai ci gaba da sawa, ya kuma umarci mutanen gidansa su yi haka. Duk da haka kasuwar ba ta farfaɗo ba. Tambayata ita ce: ta yaya abin da ya yi shekara 130 a ƙafar kowa, daga sarki har ma'aikacin jirgin ruwa, zai faɗi cikin shekara goma? Ni dai juyin juya halin Faransa nake ɗora wa laifi, amma ina so in ji ta bakinku.

Auta:
Wa alaikumus salam. Baba, kafin a yi nisa, wane irin abu ne wannan? Irin kan bel ne aka manna wa takalmi?

Ɗalibar Leeds:
Ƙanena, ya yi kama da kan bel, amma ba a manne yake ba, kuma nan ne sirrin abin yake. Na ga da yawa a gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan. Takalmin wancan zamani yana da kunnuwa biyu na fata da ke haɗuwa a bayan ƙafa. Shi maɓallin zobe ne mai kusurwa huɗu ko mai siffar ƙwai, an lanƙwasa shi daidai da tudun ƙafa. Ta ciki akwai ɗan sandan ƙarfe a tsakiya, an rataya masa abu biyu masu juyawa: ɗaya yana kama kunnen ƙasa ya riƙe shi, ɗayan kuma yana da haƙora biyu masu tsini. Sai ka zuro kunnen sama ta cikin zoben, ka ja ya ɗame, haƙoran su huda fatar su riƙe. In dare ya yi ka cire kayanka ka mayar cikin akwatinsa. Gobe in ka ga dama ka sa shi a wani takalmin.

Baduku:
Hajiya, kin ce haƙoran ne ke huda fatar? Ba a yin ramuka tun farko?

Ɗalibar Leeds:
Mai takalmin ne ke hudawa daidai ƙafarsa, Malam. Shi ya sa tsofaffin takalman da ke gidajen tarihi za ka ga kunnuwansu duk ƙananan huji, wasu har sun yage.

Baduku:
To ai na gane. A matsayina na mai aikin fata, wannan ya nuna min cewa takalmin shi ne abin yarwa, maɓallin shi ne dukiya. Fatar da ake hudawa kullum ba ta daɗewa. Mutum zai cinye takalmi biyar ko goma, maɓallinsa na nan, har ɗansa ya gada. Kuma na taɓa karantawa cewa takalman lokacin ba su da dama da hagu, a kan katako ɗaya ake ɗinka duka biyun, mutum ya riƙa musanyawa don kada su karkace. Ke nan gwanintar da kuɗin duk a kan ƙarfen suke.

Baban Husna:
Haka ne. Farkon abin ma ƙarami ne ƙwarai. Wani ma'aikacin gwamnati a Landan, Samuel Pepys, wanda ke rubuta abin da ya faru da shi kullum, ya rubuta a ranar 22 ga Janairu 1660 cewa yau ya fara sa maɓalli a takalminsa. Ka ga har ya cancanci a rubuta, ke nan sabon yayi ne. Kafin nan da kirtani ko ƙyalle ake ɗaurewa, masu hali su ɗora wata ƙatuwar fure ta yadi a kai. Na lokacin Pepys bai fi kan babban yatsa da yawa ba. A hankali ya yi ta girma, har zuwa shekarun 1770 da 1780 da aka shiga yayin wanda ake kira Artois, da sunan ƙanen Sarki Louis na 16 na Faransa. Wannan yakan rufe bayan ƙafa daga gefe zuwa gefe, ya sauko kusan ya taɓa ƙasa. Har a wani wasan kwaikwayo da aka yi a Landan a 1777 an ce da can maɓalli ke riƙe takalmi, yanzu kuwa takalmi ba shi da wani amfani sai riƙe maɓalli.

Abu Hanif:
Ku yi haƙuri, ni ban ga abin tausayi a nan ba. Namiji ya ɗauki azurfa da lu'ulu'u ya ɗora a ƙafa, wurin da ya fi kusa da taɓo da kashin doki, alhali talakawan Faransa ba su da burodin ci. Wannan almubazzaranci ne tsantsa. Da ya mutu, gara haka.

Maman Afnan:
Malam Abu Hanif, na masu sarauta kake kallo. Ba kowa ke sa lu'ulu'u ba. Akwai na kowane aljihu: na zinariya, na azurfa, na tagulla, na kuza da aka gauraya da dalma, har na baƙin ƙarfe zalla. Akwai ma baƙi da ake sawa lokacin zaman makoki. Kuma ga mai ƙaramin ƙarfi, maɓallin azurfa ajiya ce. Ma'aikatan jiragen ruwa in sun sauka aka biya su, sukan sayi na azurfa, in aljihu ya bushe su kai jingina ko su sayar. Daidai yadda iyayenmu mata ke sayen sarƙar gwal, ana ado da ita, ran da ta ɓaci a kai kasuwa. Mutumin da ba shi da asusu a banki, wanda yau yana wannan tashar gobe yana waccan, ina zai ajiye kuɗinsa in ba a jikinsa ba?

Ɗalibar Leeds:
Anti ta faɗi gaskiya. Hujja ma tana cikin takardun kotun Old Bailey ta Landan, waɗanda aka zuba a intanet tun daga na 1674. Shari'un satar maɓallin takalmi suna da yawa a ciki. 'Yan fashi kan tare mutum su karɓe agogo da kuɗi, sannan su ce ya cire na ƙafarsa. Barori kan ɗauke na maigida su kai jingina. Hukuncin sata a lokacin kuwa ba wasa, ana iya kora mutum ƙetare na shekara bakwai. Ɓarawo ba ya sa ransa a haɗari a kan abin da ba ya kuɗi.

Abu Hanif:
Na yarda da batun ajiya. Amma ban janye maganata a kan 'yan fada ba.

Ɗan Maƙera:
Ni ku bar ni da aikin kansa, don shi ya hana ni barci tun da Baban Husna ya ɗora hotunan nan. Mu gidanmu maƙeran farfaru ne, azurfa da tagulla muke bugawa tun kakanni, to in na ga aiki na san awowin da ya ci. Ku duba hoto na uku, wanda ke ƙyalli kamar an zuba masa duwatsu. Babu dutse ko ɗaya a jikinsa. Ƙarfe ne. Kowane ɗigo da kuke gani ƙusa ce guda, an yanke kanta an fitar mata da fuskoki, an goge kowace fuska har ta zama madubi, sannan aka huda farantin da ke ƙasa aka zura ƙafarta aka daddale ta baya. Ɗaya bayan ɗaya. In ka juya bayan abin za ka ga kawunan daddalewar a jere. Maɓalli guda yana iya ɗaukar ƙusoshi sama da ɗari, kuma ƙafa biyu ce. Wani gari da ake kira Woodstock kusa da Oxford ya yi suna a wannan aiki, ana cewa da tsofaffin ƙusoshin takalmin doki suke yi. Ku tuna kuma babu lantarki. Da dare, da kyandir ake taro, an yi abin ne don ya kama hasken kyandir in mutum ya taka. Wanda ya yi wannan ba ɗan fada ba ne, Malam Abu Hanif. Talaka ne irina, a durƙushe gaban magogi, ƙurar ƙarfe na shiga ƙirjinsa. Shi nake gani in na kalli hoton.

Auta:
Yaya, to waɗancan masu farin dutse fa? Daimon ne?

Ɗan Maƙera:
Yawanci gilashi ne, amma ba irin na kwalba ba. Ana zuba masa dalma da yawa lokacin narkawa, sai ya yi nauyi ya yi laushin yanka ya kuma riƙa tartsatsin haske. Wani maƙerin kayan ado mai suna Georg Friedrich Strass ne ya kai aikin ƙololuwa a Paris, har ya zama maƙerin sarki a 1734, kuma har yau Faransawa da sunansa suke kiran irin wannan dutse. Bayan kowane ƙwaya ana shimfiɗa ɗan fallen ƙarfe mai sheƙi, a zaunar da shi cikin azurfa a rufe bayan ruf don kada iska ta shiga. Sau da yawa har ɗan baƙin ɗigo suke sawa a ƙasan dutsen don ya yi zurfin ido irin na daimon. Abin da ya burge ni, tun da gilashi ya fi daimon sauƙin yanka, suna iya yanka kowane ƙwaya ya zauna jikin ɗan uwansa ba tazara, ya bi lanƙwasar ƙafa. Masu kuɗi ma suna sa shi ba tare da kunya ba, musamman in za su yi tafiya a hanyar da ake fashi. Na zinariyar ma akwai madadinsa: wani mai ƙera agogo a Landan, Christopher Pinchbeck, wanda ya rasu a 1732, ya haɗa jan ƙarfe da tutiya ya fitar da ƙarfe mai launin zinariya, aka ci gaba da kiransa da sunansa.

Baban Husna:
Allah ya ƙara basira. Bari in ƙara da mutum ɗaya don a ga girman sana'ar. Matthew Boulton, wanda ya haɗa gwiwa da James Watt a 1775 suka yi ta ƙera injin tururi, ɗan mai ƙera maɓallai ne a Birmingham, kuma da wannan sana'ar ya tashi. Masana'antarsa ta Soho maɓallan takalmi da na riga da ƙananan kayan ƙarfe take fitarwa, ana kai su ƙasashen Turai. Shi ne ya matsa wa majalisa lamba har aka buɗe ofishin gwajin azurfa a Birmingham a 1773, don kafin nan sai an ɗauki kaya zuwa Chester ko Landan a buga musu hatimi, a hanya a lalata wasu, a sace wasu, a kwaikwayi zanen wasu. Hatimin Birmingham anga ce ta jirgin ruwa, har gobe.

Maman Afnan:
Tun da an zo kan hatimi, ina da guda biyu da na saya a kasuwar tsofaffin kaya a nan Landan, masu ƙusoshin nan da Ɗan Maƙera ya kwatanta. Mai sayarwar ta ce min na zamanin Sarki George ne. Sun ɗan yi tsatsa a gefe. In jiƙa su a ruwan tsami ko ruwan omo?

Ɗan Maƙera:
Hajiya, don Allah kada ruwa ya taɓa su. Ruwa zai shige tsakanin ƙusa da faranti inda tsumma ba ya kaiwa, nan da wata guda tsatsar ta ninka. Ki sami buroshi mai laushi, busasshe, ki share a hankali. Ki ajiye su wuri mara danshi, ki jefa ɗan ƙunshin nan mai tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi. Masu na gilashi ma haka: ruwa na shiga bayan dutsen, fallen ya yi baƙi, hasken ya mutu, kuma ba ya dawowa.

Ɗalibar Leeds:
Anti, batun shekarunsu kuma, bayan za ki duba, ba gaban ba. Na ƙarni na 18 yana da wancan sandan tsakiya da haƙora masu juyawa, kuma a lanƙwashe yake sosai. An sake yayin abin a ƙarshen ƙarni na 19 da kuma shekarun 1920 a takalman mata, amma waɗannan ado ne kawai, ba sa ɗaure komai. Bayansu sanda ce guda a miƙe da ake ɗinkewa, ko ɗan maƙali, sau da yawa da sunan Faransa a buge. In kuma azurfar Ingila ce, nemi hoton zaki yana tafiya, shi ke nuna kashi 925 cikin 1000 azurfa ce. In akwai kan sarki a gefensa, to daga 1784 ne zuwa sama, don a shekarar aka fara buga shi alamar an biya haraji. In kina son horar da ido, je gidan Kenwood a arewacin Landan, suna da tarin fiye da dubu.

Kawu Maraɗi:
'Ya'yana, kun bar tambayar Baban Husna a baya. Ni nan Nijar tarihin Faransa muka sha a makaranta, kuma ina goyon bayansa. A Nuwamba 1789 'yan majalisar ƙasa a Paris suka cire maɓallan azurfar takalmansu suka bayar gudummawa ga baitulmali, mutanen garuruwa suka bi sahu, aka narkar. Daga nan duk wanda aka gani da azurfa a ƙafa ana masa kallon ɗan tsohon tsari. A Maris 1792 da aka naɗa Roland ministan cikin gida, ya shiga fada wurin Louis na 16 da takalmi mai igiya. Matarsa ta ba da labarin cewa jami'in da ke kula da ladubban fada ya matso kusa da Dumouriez, ministan harkokin waje, a firgice yana nuna masa cewa ga mutum babu maɓalli a takalmi. Dumouriez ya amsa masa da cewa ai shi ke nan, komai ya lalace. Bai cika shekara ba aka sare kan sarkin. To in wannan ba siyasa ba ce, mece ce?

Ɗalibar Leeds:
Kawu, Allah ya ja kwana, ina da ja kaɗan. Duba shekarun. Kukan maƙeran Birmingham na Disamba 1791 ne, kafin Roland ya shiga fada da igiyarsa. Kuma kukan da suka kai a kan samarin Ingila ne, waɗanda yawancinsu ba sa ƙaunar juyin Faransa ko kaɗan. Tun shekarun 1780 masu hali a Ingila suka fara barin siliki da ado suna komawa shigar ƙauye ta hawan doki: kwat na ulu mara ado da takalmi mai dogon wuya. Shi kuwa wannan takalmin ba shi da wurin maɓalli. Faransawa ma a lokacin shigar Ingilishi suke kwaikwayo. Sannan wando ya sauko. Da can iya gwiwa yake tsayawa, sai farar safa, ƙafa duk a fili, ido na sauka kai tsaye kan maɓalli. Da dogon wando ya zo ya rufe idon sawu, wa zai kashe kuɗi a kan abin da ba a gani? Ni a ganina juyin ya tarar da bango ya riga ya tsage ne.

Baban Husna:
Hujjarki ta shekaru tana da ƙarfi, 'yata. Amma shi dogon wandon ai siyasa ne. Talakawan Paris da suka yi juyin, da rashin wandon gwiwa aka san su, har ya zama sunansu. Kuma kada ki manta da yaƙin da ya ɓarke tsakanin Ingila da Faransa a 1793, wanda ya toshe wa Birmingham kasuwannin ƙetare. Yayi yakan tafi ya dawo. Abin da ya hana wannan dawowa shi ne ma'anarsa ta canja. A ranar 30 ga Afrilu 1789 George Washington ya sha rantsuwar zama shugaban Amurka na farko da maɓallan azurfa a takalminsa, ba wanda ya ga aibu. Shekara goma sha biyar bayan haka, saurayin da ya sa su sai a ce ya yi shigar kakansa.

Baduku:
Ku duka kun manta da abu ɗaya: igiya ta fi daɗi a ƙafa. Tana ɗame takalmi a wurare da yawa, maɓalli kuwa wuri guda yake matsewa, ga nauyi, ga yaga fata. Kuma kusan kyauta ce. Mutum in ya ɗanɗana sauƙi da araha tare, ko sarki bai isa ya mayar da shi baya ba. Shi ya sa alkawarin yarima bai yi aiki ba.

Kawu Maraɗi:
Malam Baduku, ai igiyar tana nan tun kafin 1660, da sauƙinta da arharta, aka bar ta aka kama ƙarfe shekara 130. In sauƙi ne kaɗai, da ba a taɓa barinta ba.

Abu Hanif:
Wata tambaya ta daban. In mutum ya samu na azurfa, ya halatta namiji ya sa?

Kawu Maraɗi:
Zinariya dai haramun ce ga maza, babu saɓani. A mazhabarmu ta Malikiyya azurfar da aka yi wa namiji rangwame ita ce ta zobe da adon takobi da na Alƙur'ani. Ka kai wa malaminka tambayar don ya yi maka bayani dalla-dalla. Na ƙarfe da na tagulla kuma hukuncinsu daban.

Auta:
To yanzu babu mai sawa ke nan gaba ɗaya? Ni ina ganinsa a zanen Turawan Ingilan nan na farko-farko da suka yi ƙaura zuwa Amurka, waɗanda ake kira Pilgrims, har a hularsu.

Ɗalibar Leeds:
Wannan zanen kuskure ne. Su a 1620 suka sauka, shekara 40 kafin Pepys ya sa nasa. Masu zane na baya ne suka liƙa musu don su yi kama da mutanen da. Masu sawa yau kuwa suna nan, amma yawanci a manyan bukukuwa ne. Manyan lauyoyin Ingila masu muƙamin lauyan sarki suna sa wandon gwiwa da safar siliki da baƙin takalmi mai maɓalli ranar da ake naɗa su. Jami'in nan da ke ƙwanƙwasa ƙofar majalisa da baƙar sanda ranar da sarki ke buɗe zama shi ma haka. Sai mutanen Sikotilan in sun yi cikakkiyar shigar gargajiya ta dare.

Ɗan Maƙera:
Ni abin da ke raina shi ne mutum 20,000 ɗin nan. Na duba, garuruwan ba su mutu ba. Birmingham ta ƙara ƙarfi a maɓallan riga da kayan ado da bindigogi, har yau akwai unguwar maƙeran zinariya a can. Walsall kuma ta riƙe kayan doki, linzami da likkafa da sirdi da ƙarafan ɗamara, da su aka san ta. Amma gari ya tsira daban, mutum ya tsira daban. Dattijon da ya yi shekara talatin hannunsa bai san komai ba sai goge kan ƙusa, ba lallai ne ya iya komawa wani benci ba. Na ga irin haka a gidanmu lokacin da kayan ado na kamfani suka cika kasuwa: matasa suka koma walda, tsofaffi suka zauna. Shi ya sa nake roƙon duk wanda irin wannan kaya ya faɗo hannunsa, kada ya narkar don nauyin azurfa, kada kuma ya raba biyun ya mayar da ɗaya abin maƙalawa a mayafi. An lalata da yawa ta haka, an yanke haƙoran an liƙa allura.

Maman Afnan:
Na juya nawa yanzu. Babu haƙora, sanda ce guda a miƙe, kuma akwai wani ɗan rubutu da tsatsa ta rufe rabinsa. Amma kawunan ƙusoshin suna nan a jere ta baya, ɗaya-ɗaya.

Ɗalibar Leeds:
To da alama na baya-bayan nan ne, Anti, na takalmin mata, ba na zamanin George ba.

Ɗan Maƙera:
Ko da haka ne, Hajiya, tun da ɗaya-ɗaya aka daddale su, aikin hannu ne, don akwai na araha da inji ke bugawa a falle guda ya fito da siffar ƙusoshi. Ki ɗauko mana hoton bayan da rana, kusa da taga, ki ajiye tsabar kuɗi a gefe don mu ga girmansa. Rubutun kuma kada ki kankare shi da allura, ki bi shi da busasshen buroshi har ya fito.